Kuskuren da Na Ce Na Gano a Zanenka

Zuwa ga Isuhu, abokina tun muna yawo da gajeren wando a Cadawa,

Assalamu alaikum. Ina miƙo maka gaisuwar da ta daɗe a wuyana, da fatan kana lafiya, kai da iyali, da sanyin ƙasar da kake ciki. Mu nan Agiye lafiya lau, an yanke gero, ana ta ɗaurin dammuna. Na san za ka yi mamakin ganin sunana, tunda shekara biyu ke nan kana kira ina kallon wayar har ta gaji ta yi shiru. Da gangan na rubuto a nan inda kowa zai karanta, domin a bainar jama'a na yi maka abin da na yi.

Kai ka sani, amma bari in faɗa don masu leƙe: ni na koya maka naɗa waya. Muna ajin ƙarshe na kwaleji na kwance wata matacciyar rediyo, na naɗa wayar tagulla a jikin bik, wato biro, na yi naɗi uku da muke kira bobin, na haɗa su da makunnin tsohuwar tocila. In ka tura makunnin nan, muryarmu ta fito a wani wuri a rediyon babanka. In ka sake turawa, ta yi tsalle ta koma wata mita. Ranar da ta fara aiki babanka ya ji tarin ɗansa a cikin akwati, ya ce, "Wanga aikin Lawali ne, Isuhu bai da wannan kai." Kai kana gefe kana riƙe da pil, wato batir, kana dariya.

Sai jarrabawar bak ta zo, ta shiga jami'a. Lissafi da kimiyya na fi ka, kai ma ba ka musu. Faransanci da falsafa suka kayar da ni, sau biyu. Ka samu burs, tallafin karatu, ka wuce Yamai, daga can ka haye teku. Ni na samu rumfa kusa da tashar mota, ina gyaran rediyo da salula, ina hawa soron mutane ina ɗaura musu parabol, farantin kama tashoshin talabijin. Ba na raina sana'ata, da ita nake ci da iyalina. Amma duk ranar da aka ce "Dokta Isuhu" a gabana, sai in ji abinci ya fita raina. Ƙyashi nake yi, Isuhu. Na daɗe ina ba shi wasu sunaye.

A tsakiyar damina Inna, mahaifiyarka, ta zo rumfata da wasu takardu a cikin leda, ta naɗe su da ɗankwali. Ta ce aikinka ne aka buga, ka aiko mata, in duba in gaya mata abin da ɗanta yake yi a duniya. Na buɗe. Turancin bai shige ni sosai ba, amma zane ai yarena ne. Na ga abin da kuke kira osilatar, wato zuciyar da ke haifar da igiyar da na'ura ke aikawa, mai saurin da hankali ba ya ɗauka. Na ga rassa uku, kowane da ɗan makunninsa, kowane yana ba da tasa mitar. Abin da na yi ne da bik da tocila, ka sa masa riga mai kyau, ka rubuta sunanka a sama.

Na ce wa Inna ta bar mini takardun. Ba don in fahimta na karɓa ba, kuskure nake nema. Kwana huɗu ina ajiye aikin mutane ina bin layukanka da tsinke ɗaya bayan ɗaya, har na samu. Wani siririn layi ya taso daga tsakiyar zanen, ya yi ɗan tafiya, ya faɗa kai tsaye a mas, wato layin ƙasa inda wuta ke komawa, ba komai a tsakani. Duk mai gyaran rediyo ya san wannan. Ka haɗa waya mai aiki da mas, abu ya mutu ko ya yi hayaƙi. Na yi farin cikin da ban yi ba ranar sunan ɗana na fari, kuma ina jin kunyar rubuta hakan.

Da la'asar na tafi fada, inda muke shan shayi, na shimfiɗa takardarka a kan tabarma. Na ce ga dokta ya yi abin da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Na ce da an kunna abin nan zai ƙone. Aka yi shewa, aka ce ashe gwanin yana gida. Na sha shayi na uku kamar sarauta aka ba ni.

Ka san maganar tasha ba ta biyan kuɗin mota. Kafin sati ta isa Cadawa.

Inna ta dawo da hantsi, ta rame a ido. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Lawali, an ce abun Isuhu shina da matsala. Ni ban kira shi ba, kar in ba shi kumya. Kai dai ka hwaɗa mashi a ɓoye shi gyara, kahin manyanai su gani su kore shi. Kai kaɗai na yarda da kai." Ta ce ta yi sadakar masa, ta sa an yi maka addu'a. Ni abin da na so shi ne a rage maka tsawo a fada. Ban taɓa kawo tsohuwar nan a lissafina ba.

Bayan ta tafi na kasa taɓa komai. A kan teburina akwai kan parabol, wannan ɗan abin da ke zaune a gaban faranti yana karɓar igiya. Shekara da shekaru ina ɗaura su, in sun mutu in canja sabo, ban taɓa fasa ɗaya ba. Na san dai yana sauya mita tsakanin biyu in dekodar talabijin ta umarce shi, wato danginsu ɗaya da abinka. Na sa wuƙa na ɓalle murfin. Ba bobin ko ɗaya a ciki, sai siraran layukan tagulla kwance a kan ɗan allo. Ga kuma irin layin nan naka, ya taso, ya yi ɗan tafiya, ya faɗa a mas. Na ɗora abin awona, ya yi ƙara, alamar a haɗe suke. Wannan kan kuwa lafiyarsa ƙalau, jiya-jiya aka kalli ƙwallo da shi.

Na zauna na yi ta kallonsa. A irin mitar da kake aiki da ita, tsawon waya kawai ya isa ya hana igiya wucewa, ko da ƙarshenta yana mas. Iyakar abin da na iya ganewa ke nan, dalilin kuwa har yau ban san shi ba. Ka wuce ni tun da daɗewa, ni kuma ina nan ina auna ka da abin awon rediyo.

Washegari na hau mota zuwa Cadawa. Na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na durƙusa na gaya mata aikinka ba shi da aibi, ni ne ban sani ba, kuma ba rashin sani kaɗai ya sa na faɗa ba. Ta ci gaba da ɓararta. Can ta ce, "To ni ma bari in sauke nawa. Takardar nan ba don ni ya aiko ta ba. Cewa ya yi in kai maka, tunda ka bar ɗaukar wayarshi, wai kai kaɗai za ka ji daɗinta a ƙasar nan. Ni ko na ji haushi, ni da na haihe shi ya aiko min da atamfa, kai ya aiko maka da aikin hannunai. Shi ya sa na ce tawa ce."

Ban san yadda na fito daga gidan ba.

Isuhu, ba zan yi maka ƙarya in ce ƙyashin ya tafi ba. Yana nan, jiya ma da aka ambaci sunanka na ji shi ya motsa. Amma na koma fada na janye maganata a gaban waɗanda suka yi shewa, ga shi kuma ina janye ta a nan. Ka yafe mini abin da na faɗa, ka yafe mini kwanakin da Inna ta yi ba ta cin abinci. In ka ga dama ka sake kira, zan ɗauka. Ka zo da haƙuri, ka bayyana mini da Hausa yadda waya take faɗawa a mas ba ta ƙone ba. Zan yi shiru in saurara.

Allah ya ƙara maka basira, ya kare aikinka daga bakin mutane irina. Allah ya ja da ran Inna ta ga dawowarka. Ni kuma Allah ya wanke mini zuciya, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Naka, in har yanzu kana so,
Lawali mai gyaran rediyo, Agiye