Jan Fenti a Dutsen Iyaka

Saulawa, ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Sama'ila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Wasila da yara. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, tana gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ga waya. Maganar ba ta waya ba ce, ba ka san wanda ke saurare ba.

Shekaranjiya ina sharar gonarmu ta gado wasu baƙi suka tsaya da farar mota, maza biyu da mace ɗaya. Macen ce shugaba, wai ita Mukarrama, da hular rana a kan mayafi da guduma a hannu. Ta gaishe ni da ladabi, har ladabin ya yi mini yawa. Wai taswirar duwatsu suke zanawa tun daga Kudan, ta Makarfi, har nan Ikara, don a san inda ma'adinai suke.

Cikin duk duwatsun Allah, ba wanda ya yi mata sai baƙin dutsen nan na iyakarmu da Sambo. Ta ɓantari gefensa ta sa a jaka, ta ɗauki hoto, ɗaya daga mazan ya rubuta lamba a jikinsa da jan fenti. Ta tambaye ni ko a nan dutsen ya tsiro. Na san Baba ne ya jawo shi da amalanke daga bakin rafi, amma me zai sa in buɗe wa baƙo cikina? Na ce tun da aka halicci duniya yana nan.

Yaya, kai ka san gidan da aka shafa wa jan fenti a birni, rusau ne ke biyo baya. Kuma mun ji abin da ya samu masu gonaki a wuraren da aka ce an ga zinariya. Matar ta rantse ba wanda zai taɓa gonar kowa, ni dai na ce ruwa ba ya tsami banza. Hankalina bai kwanta ba.

Ka gaishe da kowa.

Ƙanenka,
Lado

Saulawa, bayan sati uku

Yaya Sama'ila,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya ruwa a wajenku? Nan an yi na shuka sau biyu.

Na samu saƙonka cewa in bar komai yadda yake har ka zo da Babbar Sallah. Saƙon ya iske ni na riga na yi abin da na yi. Washegarin da na rubuto maka, da tsakar rana mutane sun tafi masallacin Juma'a, na ɗaura wa shanun huɗa igiya, na tumɓuke dutsen, na ja shi na tura kwazazzabo. Na cike ramin, na baje wurin da garma yadda ko ni ba zan gane shi ba. A lissafina, in sun dawo da masu ƙwace ƙasa, su nemi lambarsu su rasa.

Baƙin ba su dawo ba. Wanda ya zo Sambo ne. Da ruwa ya sauka ya yi huɗa, ya shigo mana kunya tara, har ya haɗa da ɗorawar da Inna ke samun kalwa a jikinta. Na yi masa magana, ya ce in nuna masa iyaka. Mutumin da muke cin tuwo kwano ɗaya! Ina zargin ma ya gan ni ranar, ya yi shiru yana jiran damina, don bai ko tambayi inda dutsen ya shiga ba.

Mun je gaban dagaci. Dattawan da suka ga an kafa dutsen duk sun rasu, kuma da aka tambaye ni wa ya ɗauke shi, kunya ta sa na ce ban sani ba. An ba mu sati ɗaya kowa ya kawo shaida. An ce baƙin suna Ikara har yanzu, kuma matar nan tana da hoto. Raina ba ya so, amma gobe zan je.

Inna ba ta sani ba, kada ka faɗa mata.

Naka,
Lado

Saulawa, ranar Lahadi

Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ka yi haƙuri da abin da za ka karanta.

Na sami Malama Mukarrama, na faɗa mata gaskiya duka. Ba ta yi mini dariya ba, amma ranta ya ɓaci. Ta ce su dutsen da ke da saiwa a ƙasa suke nema, wanda aka jawo daga wani wuri ba ya gaya musu komai. Da na faɗa mata gaskiya tun farko, da ko taɓa shi ba za ta yi ba. A gabana ta soke lambar daga littafinta. Fentin kuwa, wai don kada su maimaita wuri ne kawai.

Duk da haka ta biyo ni har gona da na'urarta mai nuna wurin da dutsen yake a da. Sai dai na'urar kan yi kuskuren taku biyar ko shida, kuma rigimar tamu ba ta wuce haka ba. Hoton ma fuskar dutsen ce kawai da guduma a kai, ba bishiya, ba kunya. Ta faɗi haka a gaban dagaci, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Na so ta ɗan karkata wajena, ta ƙi.

Dagaci ya sa ni na faɗi wanda ya ɗauke dutsen a gaban jama'a, sannan ya raba: huɗu namu, biyar na Sambo. Ɗorawar ta faɗa ɓangarensa. Garin neman gira na rasa ido.

Har yanzu ban san abin da za a yi da taswirar nan ba, kuma ban ce na yarda da su ba. Amma su abin da suka ɗauka a gonarmu bai cika tafin hannu ba, sauran ni na bayar. Jiya Inna ta ce bana kalwa za ta yi kyau, na kasa ɗaga kai in dube ta. Yau zan faɗa mata da bakina.

In ka zo aka zauna rabon gado, kunya biyar ɗin nan a cire su daga kasona. Kada ka yi mini musu a kan wannan.

Ka yafe ni.

Ƙanenka,
Lado