Muryar da Ta Ce a Gicciye Shi

Zeitz, Afrilu 1738

Ɗana Traugott,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ka ce in zo coci ranar Juma'ar gicciye, kai za ka rera maganar Yesu. Na zo, na zauna a ƙasa, ku mawaƙa kuna can bene bayan ƙeyarmu. Ban gan ka ba, amma muryar marigayi babanka ce a bakinka, ko cikin kasuwa zan tsince ta. Na sha kuka.

To sai a cikin waƙar gwamna Bilatus ya tambayi taro me za a yi da Yesu, na ji muryar nan tana ihu, "A gicciye shi!" Har ta fi ta kowa ƙarfi! Kaina ya ɗaure. Wane ne kai a cikinsu? Ka ajiye aikin nan ka dawo, in ba haka ba kada ka tako min gida ranar Ista.

Mahaifiyarka, Rosina

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Kunnenki bai yi ƙarya ba. Mu takwas ne kacal, masu kaurin murya biyu, shi ya sa in na gama maganar Yesu nake komawa cikin taro. Ba ki ma lura ba, bayan na mutu ni na tashi na rera waƙar binnewa. Ni aka kashe, ni na kashe, ni na binne.

Na tambayi shugabanmu ko wannan daidai ne. Ya ɗaga hular gashinsa ya sosa kai, ya ce, "Kai, yaro, kana zaton akwai wanda bai yi ihun nan ba?" Ya ƙara da cewa in daina jan numfashi kamar saniya. Wallahi ni ma ban gane amsarsa ba, amma ba na son barin waƙar. Ki yi haƙuri, Mama.

Ɗanki mai biyayya, Traugott

Traugott,

Gaisuwa. Na kai ƙararka wurin fasto, sai ya tuna min baitin da mu jama'a muka amsa a ƙasa, wai zunubanmu ne suka bugi Yesu. Da bakina na rera, ina ta hararar bene. Yanzu kam na rasa wa zan yi fushi da shi.

Ka zo, na dafa ƙwai na gasa rago. Kai za ka yi addu'ar abinci, na yi kewar muryar babanka a teburin nan. Mai ihun kuma ka bar shi can a benen coci.

Mahaifiyarka