Sunayen da Baba Musa Ya Riƙe Maka

Kamazou, Kaduna
9 ga Satumba, 2024

Ƙanina Derrick,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da matarka Jessica, Allah ya ƙara tsare ku a Poland. Mu nan lafiya lau. Mama tana nan da ciwon gwiwarta, amma ba ta fasa zuwa zumuntar mata a coci ba. Maigidana Clinton ya nuna mana bidiyonka kana koyar da tarihin Ukraine. Ba mu gane komai ba, Mama dai ta ce ka rame. Shekara tara ke nan rabonmu da kai, kewarka kuwa ta ishe ni, ba zan ɓoye maka ba.

Maganar Baba Musa ce ta sa na rubuto. Mun ɗauko shi daga ƙauye saboda asibiti, yana ɗakinka. Ka san shi kaɗai ya rage cikin 'yan'uwan babanmu, kuma shi ya riƙe sunayen kakanninmu tun daga saukowarsu daga kan dutse, da inda aka binne kowa. Ya ce lokacin miƙawa ya yi. Na zo da biro da takarda, ya ce ni mace ce, gidan wani zan kai su. Na ji haushi, amma na haɗiye. Clinton ya kunna waya don ɗaukar muryarsa, Baba ya kore shi, wai suruki ne. Na ce to a kira ka ta bidiyo. Ya ce shi babansa gwiwa da gwiwa ya ba shi, hannu a kan kansa, haka kuma zai bayar. Wai sai dai ka zo da kanka.

Ni na jawo da bakina. Na yi masa alfahari cewa kafin yaƙi ya kai ku Poland, ka bi ƙauyukan Ukraine kana zama gaban tsofaffi, kana rubuta abin da yunwa ta yi wa iyayensu. Sai ya tambaya ko tsofaffin can sun fi shi iya magana ne.

Na san ɗalibai suna jiranka, ban raina aikinka ba. Amma kada ka ce sai Kirsimeti. Jiya da safe na tarar da shi yana ƙirga sunayen da yatsu. Ya ɗago ya ce, "Gaya wa malamin tarihi, da goma sha ɗaya ne. Yau tara na samu."

Mama, Clinton da 'yarmu Hope suna gaishe ku. Ka gaishe min da Jessica.

Yayarka mai jiranka,
Phoebe