Lambun Mangwaron da Bhai Jan Bai Shiga Ba

Multan, farkon Nuwamba

Zuwa ga yayana abin ƙauna, Bhai Jan Shafkat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Bhabhi, da ciwon gwiwar nan taka da ba ya hana ka zuwa walima.

Littafin tarihin rayuwata ya fito, "Lambun Mangwaro", kuma kwafin farko kai na aika wa. Asabar ta ƙarshen wata za a ƙaddamar da shi a zauren marubuta na nan Multan, kai ne mai jawabi na farko. Roƙona ɗaya ne, ka karanta. Duk Lahore ta san maƙala ɗaya gare ka, sunan marubuci kawai kake canzawa, a yafa maka mayafin girma, a rataya maka furanni, ka ci shinkafar biryani ka kama hanya. Su sun saba. Ni kuwa ƙanwarka ce, kuma tun rasuwar mijina Tanwir ban yi wani abu ba sai wannan littafi.

Ka gaida mutanen gida. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Nighat

Lahore, ɗaya ga Disamba

Ƙanwata Nighat,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Na so in kira ki a waya, sai na ga ba ni da muryar da zan yi miki magana da ita.

Ban karanta ba. Kin sani, mutanen da suka cika zauren nan ma sun sani. A mota na buɗe shi, bayan mun wuce garin Sahiwal, na karanta babin farko inda muke satar mangwaron mahaifinmu Abba Ji, na yi ta dariya, na ce shi ke nan na gane littafin. Barci ya kwashe ni. Da wannan na hau mumbari na ce littafin nishaɗi ne, kowa ya saya ya karanta da kofin shayi ya sha dariya. Har na ƙara da cewa alƙalaminki bai san baƙin ciki ba. Na ji zauren ya yi tsit, ni da wautata na ɗauka nutsuwa ce.

Sai da Dakta Farkhanda, malamar nan ta jami'a, ta tashi ta ce littafin labarin jinyar mijinki ne, yadda mantuwa ta cinye Tanwir har ya daina gane kowa, ke kuma kina kai shi lambun kullum don nan kaɗai ya sani. Sannan ta ɗaga littafin ta karanta inda kika rubuta: "Tun ina yarinya, Bhai Jan ne kaɗai ke karanta duk abin da na rubuta har ƙarshe, ko da wasiƙar neman hutun makaranta ce." Ina zaune a kan dandamali, furanni a wuyana, ba inda zan ɓoye fuskata. Wani dattijo a layin gaba ya ce wa na kusa da shi, "To, yau dai ya huta da karatun."

Shi ya sa na gudu kafin abinci. Kunya nake ji, Nighat, irin wadda ban taɓa ji ba. Makon gobe shafina na jarida zai fitar da littattafan bana da suka cancanci karantawa. Zan sa naki a sama da kowa, ko hakan ya rage wani abu.

Yayanki mai neman afuwa,
Shafkat

Multan, shida ga Disamba

Bhai Jan,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka. Muna lafiya, sai surutun mutane. Matar mai buga littafin ta ce tunda aka fara taro a zauren nan ba a taɓa sayar da littafi kamar ranar ba, kowa na so ya ga shafin da aka karanta maka. Ka ga ka yi mini talla.

Kada ka sa ni a shafinka. Sauran da ake cewa za ka jera, su nawa ka karanta? Yarinyar nan ta garin Quetta mai labarin masu haƙar gawayi, da tsohon direban jirgin ƙasa da ya rubuta rayuwarsa, na karanta su, sun cancanta, amma ba a bakinka ba. Ba na so in hau saman jerin da aka yi da shinshina bangon littafi.

Ni ma akwai abin da ke cina. Tun da ka sauko daga mota kana dariya, kana cewa, "Ke Nighat, ashe ke ce kika kai ƙarata wajen Abba Ji!" na san inda ka tsaya. Ina da lokacin da zan ja ka gefe in faɗa maka. Ban yi ba. Farkhanda ma ta dube ni kafin ta buɗe shafin, da na girgiza kai da ta wuce. Na sunkuyar da kai na bar ta. Na bar yayana mai furfura ya ji kunya a gaban baƙi, kuma a lokacin har daɗi na ji. Yanzu ba na jin daɗin.

Ba yabo nake nema ba. A shekararsa ta ƙarshe Tanwir ya manta sunana, akwai abin da yake kirana da shi. In ka sani, ka rubuto. In ba ka sani ba, ka bar ni tukuna.

Ka gaida Bhabhi.
Nighat

Lahore, ashirin ga Disamba

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ban rubuta shafin bana ba. Na ce wa editan ban karanta komai ba, ya yi dariya, ya ɗauka raha nake.

"Baiwar Allah mai kirki" yake kiranki. Kullum a gindin bishiyar nan ta bakin rijiya yakan tambaye ki ko kin ga matarsa, ke kuma ki ce, "Tana nan tafe, mu jira ta." Ku zauna ku jira. Na kai nan na rufe littafin, sai washegari na iya ci gaba. Na karanta har ƙarshe, har sunan maɗaba'a. Ba ni da maƙala a kansa.

Yayanki,
Shafkat

Multan, ƙarshen Disamba

Bhai Jan,

Wa alaikumus salam. Ga gwangwanin alewar sohan, na Bhabhi ne, kai likita ya hana ka.

A ƙarƙashinsa akwai shafi goma sha biyu na wani sabon abu da na fara. Ba wanda ya gani. Rubutun hannu ne, ka nemo tabaranka.

Ƙanwarka,
Nighat