Na Kasa Fitowa daga Kabarin Malam Idi

Zuwa ga ƙanena Hamidu a Damagaram,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya iyali, ya damina?

Ran Juma'a muka binne abokina Malam Idi mai shanu. Kamar kullum, ni na shiga kabarin na kwantar da shi. Da na zo fitowa, gwiwa ta ƙi, sai jawo ni aka yi. Liman ya ce, "Malam Sale, daga yau ka riƙa tsayawa a sama."

Tun ranar na kasa zama wuri guda. Jiya na sayo likkafanina a kasuwar Kejetia, nan Kumasi. Na daina cewa sai a gida zan mutu, ƙasar Kumasi ma ta Allah ce.

Ka gaida Yaya Hajo. Ku roƙa mini cikawa da imani. Gonata kuwa, ka shuka abinka, kada ka jira ni.

Wanka, Sale.