Na cire 'yata daga makaranta ana tsakiyar zango

Malama, ki taimaka min, ko da yake na san ku malamai bakinku ɗaya ne. Ni tela ce. Wata rana ɗinki ya yi min yawa, na je makaranta in ɗauko babbar 'yata ta kama min sa maɓalli. Malamar ajinsu, wata yarinya da na girme ta nesa ba kusa ba, ta tare ƙofa da alli a hannu, wai sai an tashi. A gaban yara fa, har wasu na dariya. Ni na haifi 'yata ko malamar? A ranar na kwashe littattafan 'yata na ce ta bar wurin ke nan. Lokacin zango na biyu ya yi rabi.

Na kai ta wata makarantar, shugaban ya ce sai sabuwar shekarar karatu, kuma ajin da ta baro za ta maimaita. Wace irin shekara ce wannan da suke taƙama da ita? Karatu ba karatu ba ne? Yanzu tana zaune gefen kekena, ba ta min magana sai gaisuwa, babanta kuma ya ce ni na ɓata ni zan gyara. Ina zan kai ƙararsu?

Uwar da aka wulaƙanta

'Yar'uwa, babu mai karɓar wannan ƙarar. Malamar ta yi kuskure da ba ta ja ki gefe ba, na yarda. Amma hana ki da ta yi daidai ne.

Shekarar karatu abu ɗaya ce da aka raba gida uku. Kowane zango yana hawa kan na bayansa, kuma makin dukkansu ake haɗawa kafin a ce yaro ya wuce. Ke kanki in aka kawo miki rigar da wata tela ta bari rabi, ai sai kin warware kin faro daga farko. Abin da shugaban ya gaya miki ke nan.

Ki koma tsohuwar makarantar cikin makon nan, ke da babanta, ofishin shugaba za ku, ba aji ba. Ku roƙa a mayar da ita kafin jarrabawa, ta kwafi abin da ya wuce ta. In har ranki bai kwanta ba, ki sauya mata a dogon hutu, da sakamakonta a hannu.

Kunyar komawa ta kwana biyu ce. Zama aji ɗaya da ƙannen ƙawayenta kuwa, ita za ta sha shi shekara guda, ba ke ba. Allah ya huci zuciyarki, ya ba ta sa'a.