Hajiya Ta Shimfiɗa Tabarma a Ƙofar Injin

Ƙaura Namoda,
14 ga Nuwamba, 1988.

Zuwa ga yayana Saminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya tsare ku da sharrin ruwa da na ƙarfe a can bakin tekun Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta yi albarka, gero ya shiga rumbu, ana kan yankan dawa. 'Yata Gimbiya ta fara tafiya, ba abin da ya tsira daga hannunta a ɗaki. Ni ce dai hankalina ya ƙi kwanciya, na zauna na tashi, na ga ba wanda zan faɗa wa sai kai.

Maganar injin ɓarar gyaɗa da Baba ya bar mana ce. Ka san tun da Yaya Maccido ya samu kwangilar ɓare wa wani kamfani gyaɗa, suka sa masa sharaɗin ya yi wa ma'aikata inshora, ya kuwa yi. Na yi murna a lokacin, ashe ban san yadda ya ɗauki abin ba. Tun daga nan duk wanda ya ce masa bel ɗin injin yana gudu tsirara kusa da mutane, sai ya ce ai shi ya sa yake biyan inshora kowace shekara, in wani abu ya faru su ne da ɗauka. To, abin ya faru. A farkon kaka Labbo, mutumin Birnin Tsaba ɗin nan da ke aiki da mu tun zamanin Baba, ya sunkuya zai gyara buhu, bel ya kama hannun rigarsa ya ja shi. Kafin a kashe injin, hannunsa na dama ya gama lalacewa. A asibitin Gusau aka yanke shi daga wuyan hannu.

Gaskiya kamfanin inshora bai yi wasa da shi ba, an biya magani, an ba shi diyya. Amma mutumin da suka aiko ya zagaya injin ya duba, ya faɗa wa Yaya a gaban mutane cewa sun biya wannan, sai dai in ba a yi wa bel kejin ƙarfe ba, aka kuma hana ma'aikata sa riga mai faɗin hannu, to, ba za su sabunta ba, in ma sun yarda sai sun tsawwala. Ya ce in an gyara kuwa za su sassauta, domin su ma ba son ganin jini suke ba. Yaya ya ce ya ji, amma sai bayan kaka, yanzu motocin Shinkafi da Moriki sun yi layi, ba zai kashe injin ba. Na je duba Labbo a gidansa. Matarsa Mariya ta nuna mini bijimin da suka saya da diyyar, yana ɗaure a gindin ƙirya, ta ce ga sa ga garma, sai dai babu mai riƙewa.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, wurin da Labbo ya bari, maigidana aka mayar, baban Gimbiya, wanda da yake kan sikeli. Ka san shi da kunyar surukai, ko cikin wuta Yaya ya ce ya shiga ba zai musa ba. Ina jiyo ƙugin injin daga tsakar gida, kuma duk lokacin da ya ɗauke da rana tsaka sai in saki abin da ke hannuna in tsaya. Ranar Laraba da ta wuce ya dawo hannun rigarsa a yage har kafaɗa, ya ce ƙusa ce ta kama shi. Da na zo wanki na ga baƙin mai a bakin yagewar. Ƙusa ba ta da mai, Yaya Saminu. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, mu kuwa namu har ya fara hayaƙi.

Na yi wa Yaya Maccido magana, ya ce komai ƙaddara ce, kuma ba a kawo masa maganar mata cikin harkar injin. Washegari na goya Gimbiya na shiga motar Zurmi, na kai wa mahaifiyarmu Hajiya rigar kamar yadda take. Ta juya ta a hannu, ta ce in ɗauko mata mayafi, muka taho Ƙaura tare. Da safe, kafin a tayar da injin, ma'aikata suka iske ta ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, da butarta da carbinta. Yaya ya zo ya durƙusa yana ba ta haƙuri, ga direbobi suna kallo. Ta ce masa ita ba faɗa ta zo yi ba, ta zo ne ta ga kamfanin da ke sayar da hannu, in akwai shi a nuna mata ta saya wa Labbo ta koma gida. Ta ce in babu, to, ya tsallake ta ya kunna. Nan ya aika a kira Hammadu mai walda.

Yanzu haka injin a kashe yake, Hammadu yana haɗa kejin, Hajiya tana nan gidana ta ce ba ta tafiya sai ta ga an ɗaura shi. Amma ban huta ba. Wasu motocin sun juya sun kai gyaɗarsu wani wuri, kamfanin kwangila ya aiko da gargaɗi, Yaya kuma ya daina amsa gaisuwata. Baban Gimbiya ma yana ganin na kunyata shi. Wani lokaci nakan ce ko na wuce gona da iri, sai kuma in tuna yadda Mariya ke ɗaura wa mijinta mazagin wando. Babban tsorona shi ne ranar da Hajiya ta koma Zurmi, bel ya tsinke ana cikin sauri, a kwance kejin a jingine shi a bango a ce gobe.

Shi ya sa nake roƙonka, ka rubuto wa Yaya da hannunka. Kai ma kana da gado a injin nan, kuma kana aiki inda ba a barin mutum ya kusanci na'ura ba hular ƙarfe. Kada ka yi masa faɗa, ya sha kunya ta ishe shi. Ka dai nuna masa cewa in injin ya zauna lafiya, shi ma inshorar za ta yi masa sauƙi, kwangilarsa kuma ta ɗore. In za ka samu irin rigunan makanikai masu matsattsen hannu, ka ba direbobin jirgin ƙasa su taho mana da su.

Ka gaishe mini da Yaya Rekiya da yara, musamman Tsoho, Allah Ya raya su. Hajiya tana sa maka albarka, ta ce ka daina jinkirin amsa takarda. Kawu Tambari na Shinkafi yana gaishe ka. Labbo ma ya ce in isar maka da gaisuwa, an ce za a sa shi kan sikeli in ya warware. Ya ce in Allah Ya kawo ka da Sallah, ka yi masa uzuri, da hagu zai ba ka hannu.

Wassalam. Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Kulsumu.